Ya Faɗa Mini da Bakinsa, Ban Saurara Ba

A jami'o'in Ingila, idan ɗalibin digirin digirgir ya kammala shekararsa ta farko, yakan zauna gaban kwamiti ya kare abin da ya yi, malamin da ke duba aikinsa kuma ya rubuta rahoto a kansa. Da wannan ake yanke hukuncin ko zai ci gaba, ko a ba shi ƙaramin digiri a sallame shi. A kan wani ɗalibina na rubuta cewa yana da kaifin basira a lissafi, amma ba shi da natsuwa da kulawar da aikin ɗakin gwaje-gwaje yake buƙata. Na sa hannu na tura, zuciyata sakayau, ina ganin na yi adalci. Rabin farko na wannan jimla gaskiya ne. Rabi na biyu ƙazafi ne. Ba ni kuma da damar fakewa da rashin sani, domin yaron ya riga ya faɗa mini abin da ke damunsa tun kafin in ɗauki alƙalami.

Ba za a gane girman laifin ba sai an san irin aikin da muke yi.

Rukuninmu yana bincike ne a fannin sarrafa haske, wanda ake kira fotoniks, kuma abin da muke farauta shi ne tushen da zai riƙa fitar da ƙwayar haske ɗaya tak a kowane lokaci. Fitila da leza suna kwararo ƙwayoyin haske ne birjik, ba a iya ƙirga su. Amma mai son aika saƙon sirri ta hanyar dokokin kwantum, irin tsarin da Charles Bennett da Gilles Brassard suka fitar a 1984, ƙwaya ɗaya-ɗaya yake so. Dalili shi ne ƙwaya ɗaya ba ta rabuwa. Ɓarawon saƙo ba zai iya tsakurar rabinta ya bar rabi ya wuce ba, idan kuma ya auna ta gaba ɗaya, zai bar tabon da masu saƙon za su gani. Yadda muke tabbatar da cewa ɗaya ce ke fitowa tsohuwar dabara ce ta Hanbury Brown da Twiss tun 1956: a sa madubin da ke raba haske gida biyu, a ajiye na'urar ganowa a kowane ɓangare. Idan ƙwaya ɗaya ce ta iso, dole ta bi dama ko ta bi hagu, don haka na'urorin biyu ba za su motsa tare ba. A 1977 Kimble da Dagenais da Mandel suka fara ganin wannan hali a Jami'ar Rochester ta Amurka, da atom na sodiyam.

A 2015 rukunoni da dama suka ba da rahoton cewa wani ma'adini mai suna tungstin diselenaid, wanda ake taƙaitawa da WSe2, yana iya yin wannan aiki idan aka sanyaya shi da ruwan hiliyam zuwa kusan digiri 269 ƙasa da sifili. Sharaɗin shi ne ya zama falle ɗaya. Ma'adinin a jere yake falle kan falle, kuma kaurin falle guda bai kai nanomita ɗaya ba, wato gashin kan mutum ya ninka shi kauri kusan sau dubu ɗari. Tun 2010 masu bincike a Kolumbiya da Berkeley suka nuna a kan ɗan'uwansa MoS2 cewa falle ɗaya yana ba da haske sosai, amma da zarar ya zama biyu hasken ya dushe, saboda yadda ilektron ke zama a cikinsa ya sauya. Ke nan duk abin da za mu yi daga baya, komai tsadar na'ura, ya rataya ne a kan samun wannan falle guda.

Hanyar samunsa kuwa abin mamaki ce ga wanda bai taɓa gani ba. Salatif ake mannawa a jikin ma'adinin a ɓantaro, a sake mannawa a raba, a yi ta yi har ya yi siriri, sannan a danna shi a kan gutsuren silikon da aka lulluɓe da siririn gilashi mai kaurin nanomita 300 ko kusa da haka. Da wannan dabarar Andre Geim da Konstantin Novoselov suka fitar da grafin a Manchester a 2004, ta kai su ga lambar Nobel a 2010. Bayan nan sai zaman maikiroskof. Ɓarɓashi dubbai ne a warwatse, mafi yawansu masu kauri ne marasa amfani. Fuskar silikon ɗin launin shunayya take bayarwa, falle ɗaya kuma yakan fito a matsayin ɗan wuri da launinsa ya ɗan karkata kaɗan daga na kewayensa, falle biyu ya ƙara karkata kaɗan. Abin kamar neman jinjirin wata ne: wanda ya saba yana nuna maka da yatsa, kai kana kallon daidai wurin amma ba ka ga komai ba, sai wata rana idonka ya kama, daga nan ba ya sake kuɓuce maka. Haka na koya, haka na koyar da duk wanda ya biyo ta hannuna, kuma ban taɓa tambayar kaina ko akwai idon da ba zai taɓa kamawa ta wannan hanya ba.

Ɗalibin nan daga gida ya zo, da tallafin karatu na shekara uku. Hausa muke yi idan mu biyu ne. Sauran ɗalibai suna kirana da sunana kai tsaye kamar yadda aka saba a can, shi kuwa bakinsa bai taɓa iyawa ba, Malam yake cewa. Ni na tsaya masa a lokacin ɗaukar ɗalibai, domin na ga takardunsa na kuma ji yadda yake warware lissafi. Makonni suka zama watanni, abokan shigarsa suna kawo falle ɗaya suna wucewa mataki na gaba, shi kuwa abin da ya nuna a matsayin falle ɗaya, idan aka kai na'urar tantancewa, sai a tarar biyu ne ko uku. Na'urar nan ta sashe ce gaba ɗaya, layi ake bi, don haka kowane kuskure yana cin lokacin wasu. Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne ranar da wani babban mai bincike a rukuninmu ya ɗauki gutsuren silikon da yaron ya ce babu komai a kansa, ya tsinci falle ɗaya mai kyau cikin ɗan lokaci.

Na kira shi ofis. Ya zauna a bakin kujera, kansa a ƙasa, ya ce, "Malam, wallahi ni duk ɗaya nake ganinsu."

Na ce masa kowa haka ya fara, ido ne, yana koyo, ya rage gaggawa ya dage. Ya ce, "To, Malam." Ya tashi ya koma ya ƙara sa'o'i a gaban maikiroskof har dare.

Na sha juya wannan zance a raina. Yaron bai ɓoye komai ba. Ya bayyana matsalarsa daidai, da kalmomin da ba su da wata fassara ta biyu. Ni ne na ji su a matsayin koken ragon ɗalibi, saboda na riga na yanke hukunci kafin ya shigo. Kuma akwai abin da ya fi wannan muni, wanda ban yarda da shi a zuciyata ba sai daga baya. Tsoro nake ji. Ina tsoron abokan aiki su ce na kawo ɗan garinmu ne don sanayya. Wannan tsoro ya sa na tsananta masa fiye da yadda zan tsananta wa Bature ko ɗan Sin, ya kuma sa na gaggauta rubuta rauninsa a rahoto don a shaida ba na nuna son kai. Na kare mutuncina da nasa. Sannan na ɗauki "To, Malam" a matsayin amincewa, alhali ni da na tashi inda ya tashi na fi kowa a ginin nan sanin cewa yaron da aka tarbiyyantar kada ya yi jayayya da malaminsa, da wannan kalmar yake rufe bakinsa ko da bai gamsu ba. Ga kuma bizarsa da tallafinsa duk a ɗaure da rahotona. Da wane ƙarfin hali zai nace?

Kwamiti ya ba shi wa'adin wasu watanni ya gyara ko ya tafi.

Wadda ta gano gaskiya ba farfesa ba ce. Injiniyar da ke kula da na'urorinmu ce, mace mai yawan lura da ƙarancin magana. Muna da ƙaramin leza ja, na hiliyam da niyon, mai tsawon zango nanomita 633, da muke daidaita madubai da shi. Ta lura cewa idan yaron zai nemi ɗigon jan a kan kati, sai ya kashe fitilun ɗaki duka ya kuma sunkuyo da fuskarsa kusa da hanyar hasken, abin da dokar tsaro ta hana. Ba ta yi masa faɗa ba. Tambayarsa ta yi yadda yake ganin ɗigon. Ya ce dishi-dishi. Ta buɗe masa hotunan gwajin Ishihara, waɗannan da'irori masu ɗige-ɗigen launi da lamba a ɓoye a ciki, da wani likitan ido na Japan ya fitar a 1917. Lambobin da take gani sarai, shi bai gan su ba. Daga baya asibitin ido ya tabbatar.

A cikin idon mutum akwai ƙwayoyin gane launi iri uku: masu karɓar gajeren zango wajen shuɗi, matsakaici wajen kore, da dogo wajen ja. Umarnin halittar biyu na ƙarshe yana kan ƙwayar gado ta X, wadda namiji guda ɗaya yake da ita, shi ya sa matsalar ta fi yawa ga maza. A cikin mutanen da asalinsu arewacin Turai ne, kusan namiji 1 cikin 12 yana da ita, mace kuma 1 cikin 200. A Afirka ba ta kai haka yawa ba, amma akwai ta. Nasa raunin a ɓangaren ja yake, kuma a irin silikon ɗin da muke amfani da shi, yawancin bambancin da ke tsakanin falle ɗaya da falle biyu a ɓangaren ja yake fitowa. Na zaunar da shi watanni yana neman abin da idonsa ba shi da hanyar karɓa. Bai taɓa yin gwajin gane launi ba a rayuwarsa. Ya ce a digirin farko ya sha wahala da zoben launukan da ke jikin rizisto, sai ya koma auna kowanne da mita, ya ɗauka shi ne dai bai iya haddace launuka ba.

Ni kuwa duk wannan ilimi ina da shi. Ina koyar da shi a ajin shekara ta biyu. Ina ba ɗalibai labarin John Dalton, wanda ya bayyana nasa rashin bambance launi a gaban ƙungiyar masana ta Manchester a 1794, ya bar wasiyya a binciki idanunsa bayan rasuwarsa, har aka gwada ragowarsu a 1995 aka gano ƙwayoyin ɓangaren kore ne ba shi da su. Ilimin yana allo, yana takardar jarrabawa, amma bai biyo ni ofis ba ranar da ɗalibina yake gabana yana buƙatarsa. Kuma idan na tuna yadda yake sunkuyar da ido kusa da leza don kada ya sake zuwa wurina da wani koke, jikina yakan yi sanyi. Da wani leza mai ƙarfi ne, da maganar ta wuce ta rahoto.

Da a nan na tsaya, da da sauƙi. Sai na sake yin wani kuskuren, wannan karon da sunan tausayi. Kunya ta kama ni, na so in gyara cikin sauri. Ban tuntuɓe shi ba na sake fasalin aikinsa gaba ɗaya: na cire shi daga ɗakin gwaje-gwaje, na mayar da shi lissafin kwamfuta, inda zai riƙa ƙididdige abin da wasu suka auna. Na sanar da kwamiti, aka yaba mini da saurin ɗaukar mataki. Na kira shi na shaida masa da murna, ina jiran godiya. Ya ce, "To, Malam."

Wannan karon na ji nauyin kalmar, amma na bar ta ta wuce. Sai bayan wasu makonni, muna tafiya bayan sallar Juma'a, na tambaye shi yadda sabon aikin yake. Ya yi shiru har na ɗauka ba zai amsa ba, sannan ya ce, "Malam, ka yi haƙuri da abin da zan faɗa. Kwamfuta akwai ta a gida. Abin da ya sa na bar iyalina na zo nan shi ne na'urar sanyin nan da lezan nan, su ne babu a wurinmu. Idan na koma ban iya su ba, me na je yi?"

Ban sami amsa ba. A karo na farko na ɗora masa laifin da ba nasa ba, a karo na biyu na yanke masa iyakar abin da zai iya, duka biyun kuma ban tambaye shi ba. Na ce masa ya faɗa mini yadda shi yake ganin za a yi. Ashe ya riga ya yi tunaninsa, jira kawai yake a tambaye shi.

Kyamarar da ke kan maikiroskof tana ajiye kowane ɗigon hoto ne a matsayin lambobi uku: na ja, na kore, na shuɗi. Ba ruwanta da yadda idon kowa yake. Ya ce a ware lambar ja ita kaɗai, a kwatanta ta wurin ɓarɓashin da ta silikon ɗin da ke kewaye, a fitar da bambancin a alƙaluma. Falle ɗaya zai faɗa wani zango, falle biyu wani zangon dabam. Dabarar ba sabuwa ba ce a duniya. Tun 2007 mutanen Manchester suka wallafa bayanin yadda kaurin gilashi da tace launin haske suke sa grafin ya bayyana, wasu kuma suka biyo da auna bambancin da lambobi a sauran ma'adinai. Takardun suna nan, na ma karanta wasunsu. Ban aiwatar ba ne kawai saboda idona yana yi mini aiki, kuma ina alfahari da shi. Yaron ya rubuta manhajar yin wannan awo da kansa, injiniyar ta taimaka masa da daidaita fitilar maikiroskof don haskenta ya tsaya a ma'auni ɗaya. Don daidaita madubai kuma aka sa masa kyamara da allon kallo, ya daina kusantar hasken.

Da manhajar ta fara aiki, muka gwada ta da tsofaffin hotunanmu. Sai ga shi idanun da muke taƙama da su ma suna kuskure, nawa a ciki. Akwai ɓarɓashin da muka zubar a baya alhali falle ɗaya ne. Sababbin ɗalibai kuma suka daina shafe watanni suna jiran ido ya kama. Duk da haka ba na son a karanta wannan a ce ai ga riba, abin ya zama alheri. Ko da manhajar ba ta amfani kowa ba sai shi kaɗai, haƙƙinsa ne a yi ta, kuma tun watan farko ya kamata a yi.

Fannin nan namu a kan kafaɗun ɗaliban digirgir yake tafiya, ko da yake sunayen malamai aka fi ji. Donna Strickland ɗaliba ce a Rochester a 1985 lokacin da ita da malaminta Gérard Mourou suka fito da hanyar ƙarfafa gajeren bugun leza, aikin da ya kawo musu Nobel a 2018, ta zama mace ta uku da ta samu a fannin fiziks bayan Marie Curie a 1903 da Maria Goeppert Mayer a 1963. Jocelyn Bell ɗaliba ce a Kambirij a 1967 lokacin da ta lura da wata 'yar alama a takardar na'ura, wadda ta zama sabon nau'in tauraro, Nobel ɗin 1974 kuma ya tafi ga wasu. Da aka ba ta kyautar dala miliyan 3 a 2018, ta miƙa kuɗin duka don tallafa wa ɗaliban digirgir daga rukunonin da ba a cika gani a fiziks ba. Jami'o'i suna yawan maganar buɗe ƙofa ga kowa, kuma ana auna nasarar da yawan waɗanda aka ɗauka. Ni ma haka nake aunawa, har ina lissafa kaina cikin masu ƙoƙari saboda na kawo ɗalibi daga gida. Amma shigowa rana ɗaya ce, zama shekara uku ne ko huɗu, kuma a cikin zaman nan mutum guda ne yake riƙe da lokacin na'ura, da rahoto, da wasiƙar shaida, da sunan da zai hau takarda. Ƙalilan ne cikinmu aka taɓa koya wa wannan aiki. Yadda aka yi mana muke yi wa na bayanmu.

Na duba sauran al'adun rukuninmu da wannan ido, na tarar da abubuwan da na gina a kan jikina da rayuwata ba tare da na sani ba. Zane-zanen sakamakonmu ja da kore ne, wato shekara guda yaron yana zaune a taronmu na mako ba ya bambance layukan da muke muhawara a kansu. Taron kansa da yamma yake, daidai lokacin da wata ɗalibarmu take zuwa ɗauko ɗanta daga makaranta, ni kuma ina lura da fitarta da wuri ina ajiyewa a raina. Muka sauya launukan, muka ƙara wa layuka siffofi dabam-dabam, muka mayar da taro safe. Yanzu duk sabon ɗalibi nakan zauna da shi a makon farko in nuna masa abin da aikin zai nema daga idonsa da hannunsa da lokacinsa, in tambaye shi inda yake ganin za a sami cikas, in kuma sake tambaya bayan wata guda, domin ba kowa ke iya faɗa a zaman farko ba. Na kuma roƙi a ba kowane ɗalibina malami na biyu da zai iya kai masa ƙarata.

Na rubuta wa kwamiti wasiƙa na janye abin da na faɗa, na bayyana cewa kuskuren nawa ne, aka haɗa ta da rahoton farko a fayil ɗinsa, domin ba a cire rahoto idan ya shiga. Na kuma nemi gafararsa baki da baki. Ya ce, "Haba Malam, Allah ya yafe mana baki ɗaya." Na san da gaske yake. Amma yafiya ba ta dawo da watannin da suka salwanta ba. Tallafinsa ya ƙare kafin ya gama, ɗan abin da na samo masa daga sashe bai rufe giɓin ba, sai da ya haɗa da aikin dare a wani shago yana rubuta kundinsa da rana. 'Yarsa ta fara tafiya da magana ba ya nan. Wannan bashi ne a kaina, kuma babu wasiƙar da za ta biya shi.

Ya auna ƙwayar haske ɗaya da hannunsa, daga fallen da shi ya tsinto, ya kare kundinsa, ya koma gida yana koyarwa a wata jami'a a Arewa. Babu ruwan hiliyam a can, ba kuma a sa ran samunsa nan kusa. Don haka ya karkata zuwa boron naitiraid, wanda rukunin Igor Aharonovich a Sidni ta Ostareliya suka nuna yana fitar da ƙwayar haske ɗaya-ɗaya a zafin ɗaki, ba sai an sanyaya ba. Abin da yake buƙata shi ne leza kore, da maikiroskof mai kyau, da na'urorin ganowa guda biyu, da wutar lantarki da ba ta yankewa a tsakiyar awo. Muna rubuta takardar neman tallafi tare. Shi ne jagoran aikin, ni ina cikin masu taimakawa.